Me Ya Sa Wata Sarƙar Lu'ulu'u Ta Fi Wata Tsada?

Ku dubi ƙwayoyin nan biyu da ke kan farin ƙyalle. Duka lu'ulu'u ne, na cikin ruwa nake nufi, ba daimon da ake haƙowa a ƙasa ba. Girmansu ɗaya, milimita 7 kowacce. To amma ku ƙura ido. A jikin ta dama kuna ganin hoton tagar ɗakin nan tar, har da ƙarafanta. Ta hagu kuwa hasken ya dushe, sai ka ce an shafa mata alli. Wannan sheƙin shi mai saye na ƙwarai yake fara dubawa, tun kafin ya tambayi girma ko launi.

Kusan duk lu'ulu'un da ke kasuwa yau na kiwo ne. Mutum ne ke buɗe bakin kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, ya dasa mata ɗan abu a ciki, ita kuma ta riƙa lulluɓe shi da sinadarin jikinta, shafi bisa shafi, har ya zama ƙwaya. Kokichi Mikimoto na Japan ya samu nasarar farko a 1893 a yankin Toba, kuma daga baya wannan sana'a ta karya kasuwar masu nutso na Bahrain da maƙwabtanta.

Na teku iri uku ne suka yi suna. Akoya na Japan fari ne, zagayayye, yawanci milimita 6 zuwa 8. Na Tahiti mai duhu ne, da ratsin kore ko shunayya. Sai manyan na tekun kudu, daga Ostireliya da Indonisiya da Filifin, farare ko ruwan zinariya, waɗanda kan kai milimita 15 har su wuce. Kawar teku yawanci ƙwaya ɗaya ko biyu take bayarwa a dashe guda.

Na ruwan daɗi labarinsa daban. Mafi yawansa daga Sin yake zuwa, kuma babbar kasuwarsa tana Zhuji a lardin Zhejiang. Ƙumba guda ta cikin tafki tana iya ba da ƙwaya ashirin da wani abu a lokaci ɗaya. Arharsa ke nan. Kada dai arhar ta sa ku raina shi. Da yake yawanci tsoka kawai ake dasawa, babu ƙwallo a tsakiya irin wanda ake dasa wa na teku, kusan dukkan jikinsa sinadarin lu'ulu'u ne, ba ya saurin kwailewa. Matsalarsa ita ce da wuya ya fito zagayayye sak. Wani kamar ƙwayar shinkafa, wani kamar dankali, wani kamar maɓalli.

A nan ne aikin da ba a gani yake, wato haɗawa. Sarƙar wuya mai tsawon santimita 45 tana cin ƙwaya kusan sittin idan na milimita 7 ne. Mai haɗawa zai zauna kusa da taga, cikin hasken rana mara zafi, ya baza ƙwayoyi a kan farin tire, yana juya su da ɗan hantsaki. Wannan fara ce amma ta ɗan ja zuwa ruwan hoda, waccan ta ja zuwa ruwan madara, ba za su zauna kusa da juna ba. 'Yan kunne sun fi wuya, domin ƙwaya biyu ce tak, fuska na tsakaninsu, ido ba ya yafe bambanci ko kaɗan. Shi ya sa ƙwaya biyu da suka dace suka fi biyu da aka tsinto kara zube tsada, ko da ingancinsu ɗaya.

Farashi kuma ba ya hawa daidai da girma. Daga milimita 6 zuwa 7 ƙarin kaɗan ne, amma da Akoya ya haura 8 sai kuɗin ya yi tsalle, saboda manyan ba su da yawa. Alamar A ko AAA da kuke gani a jikin kaya, kowane ɗan kasuwa da ma'auninsa, don haka ku yarda da idonku. In ke ce mai haɗawa don sayarwa, ki lissafa har da ƙwayoyin da kika ware gefe, da maƙullin zinariya ko azurfa, da awannin da kika yi kina zaɓe.

Ni dai a wajen tsari na fi son a bar kowace ƙwaya da halittarta. Mai tabo a gefe ɗaya, a huda ta rabi a ɗora a zobe, tabon ya ɓuya. Mai siffar ɗigon ruwa ta rataya a ɗan kunne. Karkatacciya ta zauna ita kaɗai a siririyar sarƙar zinariya. Fari ya fi fitowa da azurfa, ruwan hoda da ruwan madara sun fi son zinariya.

Ga zaren alharini nan, ku lura da ƙullin da ke tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta. Yana hana su gogar juna, in kuma zaren ya tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Lu'ulu'u yana da laushi, turare da zufa suna cin sheƙinsa. Ki gama shafa humra da fesa turare tukuna, jiki ya bushe, sannan ki ɗaura sarƙar. In kin dawo daga biki, ki goge ta da tattausan ƙyalle, ki kwantar da ita a jakarta ita kaɗai, nesa da awarwaro.