Wai don na ce "mu" aka hana ni aiki

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da iskar nan da kuke ji, a tashar bas nake a Leeds, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna amma kun ga har an kunna fitilun titi, Disamba kenan a Ingila. Wallahi ban yi niyyar ɗaukar bidiyo yau ba, abu ne ya tsaya min a rai, in ban amayar da shi ba barci ba zai zo ba.

Kun tuna intabiyun da na ce muku zan je Manchester satin da ya wuce, aikin kula da shige da ficen kaya a wani babban sito? To ban samu ba. Rashin samun bai dame ni ba, rabon wani ne, dalilin ne ya ba ni haushi. Na tura musu imel na ce don Allah a faɗa min inda na kuskure, a nan ana yin haka ba abin kunya ba ne, sai ɗazu matar da ta jagoranci zaman ta kira ni da kanta. Ta ce takarduna lafiya lau, shigata ma ba laifi, amma duk tambayar da aka yi min sai in ce mun yi kaza, mun gyara kaza, har aka tashi ba su gane me ni na yi da hannuna ba. Wai "mu". Kalma ɗaya tak fa jama'a! Ni da nake ganin ladabi nake yi kar a ce ina cika baki, ashe kaina nake yi wa sagegeduwa. Ga fam talatin da wani abu na tikitin jirgin ƙasa saboda jirgin sassafe ya fi tsada, ga kwat ɗin da na sayo, ka ji min asara.

Sai yanzu na gane me rubuce-rubucen nan nasu suke nufi. Mutum uku ne a gabana kowa da takarda da biro, tambayoyi iri ɗaya suke yi wa duk wanda ya zo, kowace amsa da makinta. Wato murmushinka da gyaɗa kai ba su da gurbi a takardar nan. Akwai tsarin da suke kira STAR, ka faɗi halin da aka shiga, me aka ɗora maka, me ka yi, sannan me ya biyo baya. Kuma na san shi fa, abin haushin kenan, na karanta shi a daren, amma da na zauna a kujerar nan komai ya gudu.

Sun ce in ba su labarin ranar da aiki ya cakuɗe. Na ce wata rana mota ta makara, mun yi ƙoƙari mun fitar da kaya. Shikenan amsata, kamar wanda ake bi bashi. Alhali ranar ni na kira direban, ni na sake jera odar da za a fara lodawa, ni na raba mutum shida gida biyu, kayan suka fita kafin a rufe ƙofa, manajanmu ma ba ya nan. Ba yabon kai ba, ranar in ba ni ba da an kwana a wurin. To me ya hana ni faɗin haka? Na kira Hajiyata ina mita ta ce kai dama tun kana yaro ko kai ka yi abu sai ka ce yayanka ne, muka yi ta dariya, ina ajiye wayar kuma sai kewa ta taso min, shekara uku rabona da ita.

Abu ɗaya dai ya burge ni, ba wanda ya tambaye ni shekaruna ko ina da aure ko 'ya'ya nawa, akwai dokar daidaito ta 2010 da ta hana a ware mutum saboda irin waɗannan, shi ya sa ko hoto ba a cika sawa a CV ba. Amma izinin aiki kam sai sun duba, ka ciro share code ɗinka tun a gida, wato lambar da ake samu a shafin gwamnati mai nuna kana da izinin aiki, haruffa da lambobi 9 ne kuma kwana 90 yake yi ya mutu, kar sai an tambaye ka ka tsaya kana laluben waya.

Kuma don Allah kar ka yi irin tawa ka isa minti 40 kafin lokaci, na zauna kusa da hita cikin kwat har gumi ya jiƙa min riga, minti goma ya isa. In mutum uku ne ka riƙa kallon dukkansu, ni mutum ɗaya na kafe da ido don ita ce mai fara'a. Tsohon maigidanka ko shaiɗan ne kar ka zage shi a wurin. In sun ce kana da tambaya kar ka ce babu, ni na ce babu, na ga ɗayan ya rubuta wani abu, har yau ina tunanin me ya rubuta.

Ranar Alhamis ina da wani intabiyun ta Teams, manhajar kiran bidiyo. Tun da matar nan ta ajiye waya nake ta maimaita ni na yi, ni na kira, ni na gyara, bakina har wani nauyi yake yi, tsohuwar nan da ke gefena ma sai kallona take. Ga bas ɗina nan ya iso, bari in nemo katina.