Dutse Ko Kwalba? Lacca Kan Duwatsun Ado

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya can kuna ji na? To, madalla. Iyayenmu mata da ke gefen nan, yau laccar taku ce, don a adakokinku kayan nan suke kwance. Abubuwa huɗu na zo da su: tauri, launi, yadda ake raba dutse da kwalba, sai kuma ƙarfen da ake ɗora dutsen a kai, wato zinariya da azurfa.

Na farko, tauri. A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10, bisa ƙa'ida guda: wanda ya fi tauri shi ke karce wanda bai kai shi ba. Daimon na kan 10. Yaƙutu 9. Aƙiƙ ya kusa 7. Kwalba 5 da rabi. Murjani kuwa tsakanin 3 da 4 yake, don shi ba haƙo shi ake yi daga ƙasa ba, halittar teku ce. Ai Suratur Rahman ta faɗa mana cewa lu'ulu'u da murjani daga teku suke fitowa, kuma a cikin surar dai aka ambaci yaƙutu. Me ya sa wannan lissafin ya shafe mu? Yashin da iska ke kwasowa, musamman lokacin hunturu, akwai ƙwayoyi a cikinsa masu tauri 7. Kin ɗauki tsumma mai ƙura kin goge murjaninki, kina ganin gyara kika yi, alhali karce shi kika yi. A wanke da ruwa tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Kuma don Allah a daina zuba komai cikin gwangwani ɗaya, babba na cin ƙarami.

Tunda na ambaci aƙiƙ, ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kansa, don shi ne dutsen da na fi so. Ga wannan, ɗana, karɓi ka miƙa ya zagaya. Gani ya kori ji. Kowa ya taɓa, amma ya dawo mini fa, na san adadinsu! (dariya)

Wannan da ke zagayawa talhatana ce, ja, mai kusurwa uku, da zagayayyen rami a sama. Buzaye na sa ta, Fulani na sa ta, kakanninmu sun sa ta a wuya da cikin kitso. Tambayata: ina aka sassaƙa ta? Da yawa za su ce Makka, don alhazai sun riƙa zuwa da ita. Makka kasuwa ce, can ake haɗuwa. Tsohuwar matattarar sassaƙa aƙiƙ tana Indiya, a garin Khambhat da ke jihar Gujarat, kuma har yau ana wannan sana'a a can. Ku ji yadda suke yi. Dutsen idan an haƙo shi ba ja ba ne sosai, fatsi-fatsi yake, wani ma ruwan ƙasa. Sai su shanya shi a rana, su zuba shi cikin tukwanen ƙasa, su gasa. Akwai sinadarin ƙarfe a jikin dutsen, wuta ce ke tayar da shi ya koma ja. Daga nan a fasa, a feƙe, a goge, a huda. Sai ya hau jirgin ruwa ya ƙetara zuwa ƙasar Larabawa, ya bi ayarin raƙuma ko jakar alhaji, ya zo ya sauka a wuyan wata amarya a Agadas ko Damagaram ko Kano.

Daga baya Jamusawa suka shigo harkar. Akwai garin Idar-Oberstein a Jamus, mutanensa masassaƙan aƙiƙ ne tun ɗaruruwan shekaru, ruwan rafi ne ke juya musu dutsen wasawa, ma'aikaci ya kwanta rub da ciki yana danna aƙiƙin a jikinsa. Nasu dutsen ya yi ƙaranci, sai wajen 1830 'yan garin da suka yi ƙaura zuwa Brazil suka tarar da aƙiƙ jibge a kudancin ƙasar, suka fara auno shi zuwa gida. Suka duba abin da mutanen Afirka ke so, suka kwaikwayi fasalin, suka riƙa yi da yawa. Ku lissafa da ni: dutsen Brazil, aikin Jamus, adon Sahara. Bayansu mutanen Bohemiya, ƙasar Czech ta yau, suka zo da ta kwalba, mai araha, ana zuba ta a mazubi. Shi ya sa a abin wuyan kaka guda ɗaya za ka iya samun ta Indiya, ta Jamus da ta kwalba, duk a zare ɗaya.

Kada ku ɗauka komai daga waje yake. A Ilori an yi masu sassaƙa jan dutsen da ake kira lantana, kuma fataken Hausawa ne ke kai musu ɗanyen dutsen daga yankin da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, ta kogin Kwara. Bida ma ta yi suna wajen aikin dutsen ado da na kwalba.

To yaya za ka gane? Wannan shi ne na uku, ko? Na biyun za mu dawo masa. Ɗora shi a kunci. Aƙiƙ sanyi gare shi, kuma yana jimawa kafin ya ɗauki ɗumin jiki, kwalba kuwa nan da nan take ɗumi. Ɗaga shi ka haska da tocilan wayarka. A cikin aƙiƙ za ka ga jijiyoyi a jere kamar albasar da aka yanka, a cikin kwalba kuma ƙananan ƙwayoyin iska za ka gani, zagayayyu, da layin mazubi a gefe. Sannan ramin zare. Jama'a, ramin zare! Ni nan nake fara dubawa. Dutsen da aka huda da hannu daga ɓangarori biyu ake huda shi, sau da yawa ramukan ba sa haɗuwa daidai, za ka ji allura na tuntuɓe a tsakiya. Bakin ramin kuma zare ya cinye shi, ya yi sumul. Wannan cin na shekaru ne, wuyan mace ne ya yi shi, na uwa da na 'ya da na jika. Abin da ke ci mini rai ke nan: a zo gida-gida a karɓe waɗannan a hannun tsofaffi, a ba su sarƙar roba mai ƙyalli, su kuma a fita da su ƙasashen waje inda masu tara kayan tarihi ke rububinsu. Araha ba ta ado. Hajiya, in akwai irinta a adakarki, ki bar wa jikokinki, ki kuma gaya musu ta wace ce.

Maza ma kuna da rabo a nan. Ya zo a Sahihu Muslim, daga Anas, cewa zoben Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na azurfa ne, dutsensa kuma na Habasha, kuma daga cikin malamai akwai waɗanda suka ce aƙiƙ ne. Shi ya sa maƙeran fari ba sa rabuwa da shi.

An ɗago mini takarda, lokaci ya ja. Launi a gurguje. Jan yaƙutu da shuɗin da 'yan kasuwa ke kira safaya dutse ɗaya ne, ɗan sinadarin da ya shiga ciki ne ya raba su. Muna da shuɗin a tsaunin Mambila a jihar Taraba, da yankin Jama'a a kudancin Kaduna, akwai kuma zumurrudu wajen Gwantu da Nasarawa Eggon. Amma ku sani tun 1902 wani Bafaranshe, Verneuil, ya bayyana hanyar ƙera yaƙutu a masana'anta, taurinsa ɗaya da na ƙasa. In ka ga ja ƙato, tas babu ɗigo, kuma da arha, ka yi hattara. Ƙarfe kuwa ku duba hatimi: 750 gwal mai lamba 18 ne, 875 lamba 21, 916 lamba 22, 925 kuma azurfa. Hatimin ma ana buga na ƙarya, don haka a gwada a gabanki. Lambar gwal ɗin nan ana kiranta karat, amma karat ɗin dutse daban ne, shi nauyi ne, biyar ke yin giram ɗaya.

Na ga hannu can baya. Bismillah, samari.

(Mai tambaya: Malam, mun tsinci wani farin dutse mai ƙyalli a rafi, aka ce mu buga masa guduma, in bai fashe ba daimon ne. Haka ne?)

Subhanallahi! Kun buga? Ba ku buga ba? Alhamdu lillahi. Ɗana, kada ka kuskura. Taurin da na faɗa ɗazu na karta ne, duka kuma wata magana ce. Daimon yana da hanyoyin tsagewa a jikinsa, masu yanka shi ma da su suke amfani, guduma ɗaya sai ya tarwatse. In daga wajen Jos ko Bauchi kuka samo shi, ya fi yiwuwa tofaz ne ko farin kuwaz, don su ne suka yawaita a rafukan can, kuma tofaz ma bugu ɗaya ke raba shi biyu. Ka wanke shi, ka auna nauyinsa, ka ɗauki hotonsa kusa da ma'auni. Ka kai wa masu ilimin duwatsu a jami'a su duba maka da madubin da ke ƙara girma sau 10. Ka ji ta bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba, kuma wanda zai saya kada ya zama shi kaɗai ne mai gaya maka sunan dutsen. Ka same ni bayan an tashi in duba maka. Talhatanar nan tana hannun wa yanzu? Yauwa, a miƙo ta gaba.