Lacca: Kiwon Ɗan Zanzaron da Ke Cin Darɓa Ta Ciki

Assalamu alaikum jama'a. Ganyen kokwamban nan da ake zagayawa da shi, wanda ya karɓa ya juya bayansa. 'Yan ƙananan nan masu motsi su ne darɓa. To ku dubi waɗanda suka kumbura suka yi ruwan ƙasa, suka bushe kamar takarda. A kansu nake so mu tsaya.

Aikin wani ɗan zanzaro ne mai suna Aphidius colemani. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3, kuma ba ya harbin mutum. Macen takan lanƙwaso cikinta ta tsakanin ƙafafunta, ta soki darɓa, ta ajiye ƙwai ɗaya, kafin ƙiftawar ido ta wuce gaba. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ita ke cinye darɓar ta ciki. A zafin digiri 21, kwana 14 ko kusa da haka sabon zanzaro ya huda ƙwanson ya fito.

Abin da ke damuna shi ne, manomi sai darɓa ta cinye rumfar shukarsa yake neman zanzaro. Ai an makara! Mai son kiwonsa, abincinsa zai fara kiwo. A shuka sha'ir ko alkama a tukwane, a sa musu darɓar hatsi, wato Rhopalosiphum padi. Ita ba ruwanta da kokwamba ko tattasai, dangin hatsi kawai take sha. A kanta zanzaron zai hayayyafa, yana nan yana jira kafin maƙiyiya ta iso. A riƙa shuka sabbin tukwane duk mako ɗaya ko biyu, don tsoffin bushewa suke yi. Wasu a rufe su da raga mai ƙananan idanu, kada zanzaro ya ƙarar da irin darɓar.

A kori tururuwa, domin gadin darɓa take yi saboda ruwan zaƙin da take lasa. Zafin da ya haura digiri 30 kuma yana kashe wa zanzaron gwiwa.

Yanzu ku ɗauki gilashin ƙara girma ku dubi hudar da ke jikin busasshiyar darɓar. In zagaye ne sumul, har da ɗan murfi, namu ne ya fito. In bakinta ya yi kaca-kaca kamar an gatsa, wani zanzaron ne ya cinye namu a ciki. Tukunyar da irin wannan huda ta yi yawa, a fitar da ita, a sake sabon iri.