Hawan Dutse da Hatsarin Wadi: Lacca ga Matasanmu na Makka

Assalamu alaikum. Iyayena, ƙannena, na can baya kuna jina? To madalla.

Abu uku na zo da su a kan fita yawon duwatsu: inda za a je, guzuri, sai wadi, wato kwarin da ruwa ke bi in an yi ruwan sama.

Na farko. Mu nan Makka duwatsu ne suka kewaye mu, amma yaro zai shekara ashirin bai taɓa hawa ko ɗaya ba, daga gida sai mota, sai esi. Ga Ɗa'ifa nan kusa, tana sama da mita 1,800 daga bakin teku. Ka bi hanyar Hada, ka bar zafin Makka a ƙasa, kafin awa biyu kana neman rigar sanyi. Akwai tsohuwar hanyar raƙuma da aka shimfiɗa da duwatsu, daga Karr da ke gindin dutsen zuwa Hada da ke samansa, ita matafiya suke bi kafin a yi titi. Mai hali ya wuce Abha ya ga Jabal Sauda, wajen mita 3,000, hazo na ratsa itatuwan ar'ar. Sai dai ku riƙe ledar abincinku da kyau, birai na Hada ba sa sallama kafin su ɗauka. (Dariya.)

Guzuri: ruwa, ruwa, takalmi mai kama ƙasa, a fita bayan Asuba, a gaya wa na gida inda aka nufa. Shi ke nan.

To wadi. A nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Mu da muka san korama a ƙasar Hausa, mun san ruwa na zuwa ne da hadari a kanka. Nan ba haka ba ne. Za ka ga kwari a bushe ƙaf, rairayi mai laushi, ga inuwa, ranka ya ce a shimfiɗa tabarma a nan. Sama tas, babu gajimare ko ɗaya. Ashe an tafka ruwa can saman duwatsun Sarawat, inda idonka bai kai ba. Dutse ba ya shan ruwa. Ku sake ji, dutse ba ya shan ruwa! Duk abin da ya zuba gangarowa yake, ƙananan kwazazzabai su haɗu, su zubo wuri ɗaya, ɗauke da laka da itace da manyan duwatsu. Shi ne Larabawa ke kira sail.

Dattawan nan sun tuna 25 ga Nuwamba 2009, ranar Tarwiyya, alhazai na hanyar Mina. Ruwa ya sauko wa Jidda ta gabas, ya ci unguwar Ƙuwaiza, sama da mutum 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. An yi gidaje ne a kan hanyar ruwa, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba. Harami kansa a cikin kwari yake, Wadi Ibrahim. A 1941 sai da ruwa ya cika mataf, wato filin ɗawafi, har aka ga mai ɗawafi da iyo. Wallahi duk sanda na ga iyali sun kafa tanti a tsakiyar wadi da yara ƙanana, gabana faɗuwa yake. Ku dubi jikin dutsen gefe, za ku ga shara da ƙiraren da ruwan bara ya maƙale. Ku zauna sama da wannan layin. In kun ji rugugi kamar na tirela daga sama, a bar mota, a bar tukunya, a hau gefe. Kada a gudu ta cikin kwarin, ruwa ya fi ku sauri.

Kuma wannan ruwan dai shi ne rahama. Wanda ke nutsewa ƙarƙashin Wadi Nu'uman shi Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka jawo har Arfa, ginin magudanar na nan har yau. Na uku ke nan. Na'am Hajiya, bismilla.

(Tambaya: Malam, hawan Jabalin Nur akwai lada ne? Baƙinmu in sun zo sai sun ce a kai su.)

Hajiya, malamai sun bayyana cewa ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara. Wanda ya hau don ya ga Kogon Hira, ya hau da sanyin safiya. Dutsen ya haura mita 600 daga bakin teku, kuma hawan na da tsauri. In baƙuwarki tsohuwa ce, ko mai hawan jini, ki nuna mata daga ƙasa, ki sayo mata ruwan sanyi, ku koma Harami.