Mararrabar da Doka Ta Kasa Gani

A tsakiyar shekarun 1970, wasu mata baƙaƙen fata su biyar suka maka kamfanin General Motors a kotu a Amurka. Kamfanin ya rage ma'aikata, ya soma sallama daga waɗanda suka zo daga baya. Su kuwa baƙaƙen mata, sai bayan 1964 aka fara ɗaukarsu aiki, don haka guguwar ta kwashe su.

Kotu ta ce su zaɓi ɗaya: ko dai an zalunce su don su mata ne, ko don baƙaƙe ne. Haɗa biyun bai halatta ba. Ƙarar ta faɗi.

A 1989, malamar shari'a Kimberlé Crenshaw ta ɗauko wannan hukunci ta kwatanta shi da mararraba. Wanda ke tsaye a mararraba, mota na iya buge shi daga gabas, ko daga kudu, ko duka biyun a lokaci guda. Shin za a bar shi kwance cikin jini har sai an gano wace mota ce?

To, ku riƙe wannan hoton, mu koma watan Afrilun 1977. Masu naƙasa sama da ɗari suka mamaye wani ginin gwamnati a San Faransisko, suka ce ba za su fita ba sai an sa hannu kan ƙa'idojin Sashe na 504, wani sashen dokar Amurka mai hana nuna musu wariya. Cikin jagororinsu akwai Judy Heumann. Da aka yanke musu tarho, kurame suka tsaya bakin taga suna isar da saƙo da yaren hannu. 'Yan ƙungiyar Black Panther, mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, suka riƙa kawo abinci mai zafi kullum, wata ƙungiyar masu son jinsinsu kuma ta shigo musu da na'urorin oba-oba a ɓoye. Ranar 28 ga Afrilu aka sa hannu.

Nasara ce babba, amma doka ba ta kai ko'ina ba. Mai kuɗin ɗaukar lauya ya samu haƙƙinsa. Mace mai naƙasa, matalauciya, baƙa, wadda danginta suka guje ta, ita ce har yanzu a mararraba. Wannan ne ya fi taɓa ni a labarin nan.

Shi ya sa a 2005 Patty Berne da abokan gwagwarmayarta, galibinsu masu naƙasa waɗanda ba farare ba, da yawansu kuma masu son jinsinsu, suka fito da tafiyar da suka kira adalci ga masu naƙasa. Suka ce wanda abin ya fi shafa shi zai yi jagoranci, kuma ba a auna darajar mutum da yawan aikin da jikinsa zai iya. Ƙungiyarsu, Sins Invalid, ta kai saƙon dandamali, inda masu naƙasa ke rawa da waƙe a gaban jama'a da jikin da aka saba cewa su ɓoye.