Lacca: Taga Mai Gilashi Biyu da Raɓar da Ke Kwanciya a Kanta

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu magina, 'yan'uwa masu aikin alminiyom da gilashi, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Ƙorafin da ake yawan kawowa shi ne: an zuba kuɗi an sa taga mai gilashi biyu, sai ga ruwa ya kwanta a kanta, ko dai an cuce mu ne? To kafin ka kira mai aikin ka rufe shi da faɗa, sa yatsa ka shafa tukuna. Inda ruwan ya kwanta shi zai gaya maka mai laifi.

Ga yadda ake haɗa ta. Gilashi biyu ne, tsakaninsu rata ta milimita 12 zuwa 16. A gefe akwai siririn bututun alminiyom cike da 'yan ƙwayoyi masu shanye danshi. Sai a liƙe da roba mai danƙo, a sake bi da silikon ko makamancinsa, a ɗura iskar argon a cikin ratar. Dabarar ta daɗe, tun 1865 Thomas Stetson ya yi mata rajista a Amurka, domin ƙasashen sanyi aka ƙirƙiro ta.

Me ya sa argon? Tana cikin iskar da muke shaƙa, kusan kashi 1 cikin 100, ba ta da wari, ba ta kama wuta, kuma zafin da take bari ya ratsa bai kai na iska ba da kamar kashi ɗaya cikin uku. A ma'aunin injiniyoyi na zafin da ke ratsa taga, gilashi ɗaya yana wajen 5.8. Biyu da iska a tsakani, 2.8. In aka ƙara argon da siririn shafen ƙarfe mai mayar da zafi, sai ya sauko wajen 1.1. Ku riƙe maganar shafen nan.

To, raɓa. Kwalbar ruwa da aka ciro daga firji tana gumi ne saboda iska mai laima ta taɓa abu mai sanyi. Da damina, in zafi ya kai digiri 30, laima kuma kashi 80, duk abin da sanyinsa ya kai digiri 26 zai jiƙe. A Ingila ko Kanada ruwan ta ciki yake kwanciya, don waje ne ke da sanyi, ɗaki kuma ga tururin girki da na wanka. Mu a Abuja ko Kano akasin haka ne: esi na aiki a ciki, gilashi ya yi sanyi, raɓa ta kwanta ta waje. In yatsanka ya share ta, ta ciki ko ta waje, tagarka lafiya lau.

Amma in ka shafa ciki ka shafa waje hazon yana nan, to tsakanin gilasan yake, liƙin ya mutu. Wannan shi ne abin da ya dame ni, don ranarmu ba ta raga masa. Da rana iskar ciki ta kumbura, da dare ta tsuke, kullum haka, har robar ta gaji ta tsage. Argon ta sulale, laima ta shiga, ƙwayoyin nan su sha har su ƙoshi, sai hazo, daga baya fari-farin tabo da ba ya gogewa. A Turai ƙa'ida ita ce argon ɗin da ke zurarewa kada ya kai kashi 1 cikin 100 a shekara. Liƙin da aka yi a gurguje, cikin ƙurar hunturu, ina zai kai nan? Haka gilashin da aka liƙe a Legas aka hau da shi Jos, mai tudun kusan mita 1,200, tun a mota ya fara kumbura, don matsin iskar waje yana raguwa in an hau tudu. In liƙin ya mutu gilashin ake sauyawa, firam ɗin na nan. Masu sawa, don Allah kada ku toshe 'yan ramukan ƙasan firam da silikon. Ta nan ruwan sama ke fita, in ya taru a gindin gilashi shi ke cinye liƙin.

Mai gini kuma, Alhaji, kada sunan argon ya ruɗe ka. Babban abokin gabarmu hasken rana ne da ke faɗowa kai tsaye, argon kuwa ba ta tare shi. Shafen nan, irin wanda aka yi domin tare rana, shi ne aikinsa. Tambayi mai sayarwa ko akwai shi, ya nuna maka a takarda. Tagar da ke kallon yamma kuwa, a yi mata rumfa ko a dasa mata bishiya tun kafin a yi odar gilashin.

Mai tambaya, bismillah.