Kwantenar Da Aka Ce Kada A Buɗe: Yadda Ake Jan Wasan Kayan Asiri A Cikin Kumbo

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu zauna ne a kan wani labari da kusan kowane jagoran wasan kwaikwayo na tebur yake gwadawa idan ya shiga duniyar kumbo da taurari: an ba 'yan wasa lodin wata kwantena, an biya su kuɗin da ya wuce hankali, an kuma ce kada su kuskura su buɗe. Labarin yana da daɗi, amma yana da saurin lalacewa a hannun jagoran da bai shirya ba. Za mu gina guda ɗaya daga tushe, da lambobinsa da komai, yadda za ku iya ɗauka ku kai tebur a wannan makon.

Ga wanda bai saba ba, wasan haka yake: mutum uku zuwa biyar suna zaune, kowa ya ɗauki hali ɗaya, wannan kyaftin, wannan matuƙi, wannan injiniya, wannan likita. Jagora shi ke bayyana duniyar da abin da ke faruwa a cikinta. Idan wani ya gwada abin da zai iya faɗuwa, sai a jefa 'yan ludo su raba gardama. Misalanmu za su dogara ne a kan Traveller, wasan da Marc Miller ya tsara, kamfanin Game Designers' Workshop ya fitar a 1977, domin shi ne ya fi ba fatauci da dakon kaya muhimmanci. Amma tsarin zai yi aiki a kowane wasa.

Abu na farko, kuma a nan yawancin jagorori suke tuntuɓe: ka san abin da ke cikin kwantenar kafin a zauna. Rubuta shi a takarda. Akwai masu cewa bari su ji hasashen 'yan wasa sannan su zaɓi wanda ya fi daɗi. Wannan dabara tana cin amanar binciken, domin alamun da ka riga ka bayar ba za su haɗu da amsar da ka ƙirƙira daga baya ba, kuma 'yan wasa suna ganewa. Tambayoyi huɗu kawai za ka amsa. Mene ne a ciki? Wa ya saka shi? Wa ke jiran sa a can? Me zai faru idan ba wanda ya taɓa shi?

Ga tamu amsar. Takardar lodi ta ce kayan gyaran famfo ne. Gaskiyar ita ce mutum uku ne kwance a gadajen barcin sanyi, irin waɗanda fasinjan da ba shi da kuɗi yake shiga a daskarar da shi har a isa. Ma'aikatan wata mahaƙar ma'adinai ne da suka ga abin da bai kamata su gani ba, suka biya dillali ya fitar da su a ɓoye. Dillalin ya karɓi kuɗinsu, ya kuma karɓi na kamfanin. Sai ya saka wa kwantenar batir mai ɗaukar awa 120.

Ku riƙe wannan lamba. A dokar Traveller, tsallake daga tauraro zuwa tauraro yana cin kimanin mako guda, wato awa 168, ko tafiyar kusa ce ko ta nesa, kuma a cikin wannan mako kumbon a yanke yake da kowa, babu saƙon da ke shiga, babu mai fita. Batir zai mutu a rana ta biyar. Idan ba wanda ya yi komai, kumbon zai sauka da gawa uku a cikinsa, da sa hannun kyaftin a kan takardar karɓar kaya. Wannan agogon shi ne ƙashin bayan wasan baki ɗaya. Kwantenar da ke zaune shiru ba ta canzawa, kayan ɗaki ce kawai, 'yan wasa za su manta da ita.

Yanzu kuɗi. A tsohuwar dokar wasan, ladan dako kiredit 1,000 ne a kan kowane tan a tsallake ɗaya (kiredit shi ne kuɗin duniyar wasan). A lura, tan a nan ma'aunin fili ne ba na nauyi ba: filin da tan guda na ruwan haidurojin yake ci, kimanin kubik mita 14. Kwantenarmu tan 4 ce, don haka haƙƙinta kiredit 4,000. Dillali ya ce zai ba da 20,000, rabi yanzu, rabi idan an sauke da hatimi lafiya. Ninki biyar ya isa ya sa kowa ya ce ruwa ba ya tsami banza. Kada ka kai ninki ashirin, za su ƙi aikin tun a tasha. Sannan ka tabbata akwai bashin kumbo da ke jiran su ƙarshen wata, domin wanda ba a bin sa bashi ba ya karɓar kayan da ba a yarda ya duba ba.

Mu zo kan alamu, inda ya kamata ka fi ɓata lokacin shiri.

Duk gaskiyar da kake so su gano, ka buɗe mata hanya uku, kuma kowace hanya ta bi ta hannun mutum daban. Gaskiya ta farko ita ce takardar ƙarya take yi. Matuƙi ko mai kula da lodi zai ga ma'aunin ƙugiyar ɗaga kaya ya nuna kilo 3,000, alhali takarda ta ce 9,000. Ƙarfen famfo ba ya yin sauƙi haka. Kyaftin zai ga lambar da ke jikin hatimin ta bambanta da ta takarda da harafi ɗaya, kuma an kankare fentin gefen ƙofar an sake shafawa. Injiniya kuwa zai ga zafin rumbun kaya ya hau da digiri 2 bayan kwana ɗaya.

Wannan ta zafin tana da tushe a kimiyya, kuma gara ka fahimce ta don kada ɗan wasa mai ilimi ya ƙure ka. Na'urar sanyaya abu ba ta kashe zafi, kwashe shi take yi daga ciki ta zubar waje, shi ya sa bayan firji yake da ɗumi. Kumbo kuma ba shi da iska a kewayensa da za ta ɗauke zafi, sai dai ya fitar da shi ta faifan da ke haskaka zafi zuwa sarari. Don haka duk wani abu mai aiki a cikin rumbu sai ya bayyana a lissafin injiniya. Nuna masa a kusa. Ka ce: "Ka ɗora tafin hannunka a bangon kwantenar. Gefe uku sanyi ƙalau, har raɓa ta kwanta. Na huɗun, can ƙasa kusa da ƙafarka, ɗumi ne kamar jikin dabba, kuma kana jin wani ɗan kaɗawa a yatsunka." Daga nan ka yi shiru. Su za su ci gaba da magana.

Gaskiya ta biyu ita ce akwai rai a ciki. Likita zai gane ƙamshin sinadarin gadajen sanyi a bakin bututun fitar da iska. Injiniya zai ji injin ciki yana tashi duk bayan minti 40. Wanda ya leƙa ta ramin bututun da ƙaramar kyamara zai ga fitilu uku kore suna ƙiftawa, kowace da nata bugun. Gaskiya ta uku ita ce lokaci na ƙurewa: rana ta uku injin ya koma tashi duk minti 55, rana ta huɗu yana tashi da kyar yana tari, fitila ɗaya ta koma ruwan ɗorawa.

To ina 'yan ludo suke shigowa? Ku dubi lissafin nan. A Traveller ana jefa guda biyu, ana neman jimlarsu ta kai 8 ko sama. Cikin hanyoyi 36 da za su iya faɗuwa, 15 ne kawai suke kai wa, wato kusan kashi 42 cikin ɗari. Mai ƙwarewar da ke ƙara masa 2 yana da hanyoyi 26, kusan kashi 72. Idan ka jera gwaji uku a layi, ka ce sai an ci na farko za a ga na biyu, marasa ƙwarewa za su wuce duka ukun sau 7 ne kawai cikin ɗari. Ko da ka raba su hanya uku masu zaman kansu, kusan tebur ɗaya cikin biyar zai faɗi duka. Saboda haka babbar alama ba a jefa mata ludo. Wanda ya je wurin da ya dace, ya yi tambayar da ta dace, a ba shi. Ludo aikinsa ya yanke tsadar abin: awa nawa ya ci, an bar shaida ko ba a bari ba, kayan aiki ya lalace ko bai lalace ba. Injiniya ya faɗi gwajin kyamara? Ya ga fitilun, amma wayar ta maƙale a bututu, kuma duk jami'in kwastan da ya duba zai gan ta.

Idan Mothership kuke bugawa, wasan ban tsoro na Tuesday Knight Games, inda ake jefa ludo na ɗari ana neman ƙasa da makin mutum, kuna da ƙarin makami, domin faɗuwa tana tara wa hali makin damuwa har ya kai ga firgita. Can sai ka rage bayani, ka ƙara sauti da duhu.

Sai buɗewa. Nan ne jagora yake gane ko ya yi shiri. Idan abin da ke ciki ya amsa tambaya kawai, wasan ya mutu a nan. Dole ya jefa su tsaka mai wuya. Ga zaɓin da ke gabansu a rana ta biyar.

Za su iya jona kwantenar da wutar kumbo, mutanen su ci gaba da barci. Amma bakin jonin yana ciki, sai an fasa hatimi, kuma kiredit 10,000 sun tafi. Za su iya tashin su. Nan kuma iska ce matsala. Mutum yana shaƙar kusan kilo 0.84 na oksijin a rana, yana fitar da kusan kilo 1 na iskar kabon, kuma a rufaffen wuri kabon ɗin ne yakan fara kayar da mutane. Ka ce matatun iskar kumbon an lissafa su ne don mutum huɗu na kwana goma, wato kwanan mutum 40. Zuwa rana ta biyar an ci 20. Sauran 20 idan aka raba wa mutum bakwai ba su kai awa 69 ba. Tafiyar da ta rage kuwa awa 48 ce ta tsallake, da awa 24 zuwa tasha, jimla 72. Giɓin awa uku ne da ɗoriya. Ƙarami ne da gangan, don ya zama abin da dabara za ta iya cikewa: a tashi biyu a bar ɗaya, ko wani daga ma'aikata ya shiga gadon da aka bari, ko matuƙi ya ƙona mai ya rage hanya. Ka ba su lambobin a fili ka bar su su yi gardama. Wannan gardamar ita ce abin da suka zo nema, kada ka katse ta.

Kuma a bakin tasha mutumin da ke jiran kaya yana jiran gawa ne. Fuskarsa idan ya ga hatimi a fashe, ka tanade ta.

Abubuwan da kan ɓaci kaɗan ne, kuma ana iya hango su. Wasu 'yan wasan za su fasa kwantenar tun minti goma na farko. Kada ka hana su da ƙofar da ba ta fasuwa, wannan yana sa su ji an ɗaure musu hannu. Bar su su buɗe, sai wasan ya koma na kwana bakwai da baƙi uku masu tsoro, ɗaya a cikinsu yana ƙarya game da abin da ya gani. Wasu kuma ba za su taɓa ta ba sam, su ce amana amana ce. Su agogo zai je ya same su: daren rana ta huɗu ƙararrawar batir ta fara kuka a cikin kwantenar, ana jin ta har ɗakin barci. Akwai masu cewa a jefar da ita waje. Yarda, amma ka tabbata sun ga fitilun nan uku kafin hannu ya kai kan maɓalli, don su san abin da suke jefarwa.

Matsalar da ta fi yawa ita ce injiniya ya cinye wasan, sauran suna kallon waya. Shi ya sa muka raba alamun tun farko. Ka ƙara wa kyaftin wasiƙar dillali mai gargaɗi, ka ba matuƙi wani ƙaramin kumbo da ya bi su har bakin wurin tsallake. Alamar ɓatarwa kuwa guda ɗaya ta isa, ko ma babu. 'Yan wasa da kansu suna ƙirƙiro wa kansu isassu.

A zama na awa uku da rabi, ka ba tasha da ciniki minti 30, bincike minti 90, buɗewa da gardama minti 45, sauka da fuskantar mai karɓar kaya abin da ya rage. Idan ka duba agogo ka ga an ci awa biyu ba a kai rana ta huɗu ba, tsallake kwana guda, ka sa fitilar farko ta canza launi.